Ilimin Halayya da Kuɗin Wuta: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da Birtaniya da Wasu Ƙasashe Suka Gwada

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗalibai, da ma'aikatan hukumomin kula da makamashi, da masu kare haƙƙin mai saye, duk lokacin da aka tayar da zancen amfani da ilimin halayya wajen tsara dokokin wuta da gas. Yawancin misalan daga Birtaniya suke, domin a can aka fi gwada abin a bainar jama'a, aka kuma wallafa sakamakon, mai daɗi da marar daɗi.

Mene ne ilimin halayya, kuma me ya haɗa shi da wuta da gas?

Ilimi ne da ke bin diddigin yadda mutane ke yanke shawara a zahiri. A tsohon lissafin masana tattalin arziki, mai saye mutum ne da ke zama ya auna farashi, ya kwatanta, ya ɗauki mafi araha. Tun shekarun 1970 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa mutum ya fi jin zafin asarar sule goma fiye da daɗin tsintar sule goma. Waɗanda suka biyo bayansu suka ƙara da cewa yana manne wa abin da ya saba, yana kuma ɗage duk abin da ke da wahala zuwa gobe. Kahneman ya sami kyautar Nobel a 2002, Richard Thaler kuma a 2017.

Wuta da gas kaya ne da waɗannan halaye suka fi fitowa fili a kansu. Ba a ganin wuta lokacin da ake shan ta, sai daga baya takarda ta zo. Lissafin takardar yana da sarƙaƙiya: ga kuɗin kowane yunit, ga kuɗin tsaye na kullum ko an kunna ko ba a kunna ba, ga rangwame mai sharaɗi. Sannan ko mutum bai taɓuka komai ba, fitila za ta ci gaba da kamawa, saboda haka babu ranar da dole za ta zaunar da shi ya yi zaɓi. Mai sayen tumatir kullum sai ya taya. Mai sayen wuta yana iya shekara goma bai taya ba.

Me ake nufi da "zunguri" da ake yawan ambata?

Ɗan taɓi ne da ake yi wa mutum, kamar yadda aboki ke zungurar abokinsa da gwiwar hannu a taro, ba tare da an hana shi wani zaɓi ko an canja masa farashi ba. Thaler da Cass Sunstein ne suka yaɗa tunanin a littafinsu na 2008. Wasiƙar tunatarwa zunguri ce. Sauya yadda aka jera bayani a takardar kuɗin wuta zunguri ne. Haraji da tara da haramci kuwa ba sa cikin wannan rukuni. A 2010 gwamnatin David Cameron ta Birtaniya ta kafa ƙaramin sashe a ofishin majalisar ministoci mai suna Behavioural Insights Team don gwada irin waɗannan dabaru, daga nan ƙasashe da dama suka kwaikwaya.

Me ya sa Birtaniya ce ake yawan kafa misali da ita?

Domin ta gina kasuwarta a kan zaton cewa mai saye zai tashi tsaye, zaton kuma ya karye a gaban kowa. A 1998 da 1999 aka buɗe wa gidaje damar zaɓar kamfanin gas da na wuta, a 2002 kuma aka cire ƙayyade farashi. Tunanin shi ne, kamfanin da ya tsuga kuɗi mutane za su gudu daga gare shi, tsoron haka zai sa kowa ya shiga taitayinsa. Hukumar Ofgem ce ke sa ido a kan kasuwar a Ingila da Scotland da Wales.

A 2014 aka miƙa kasuwar ga hukumar kula da gasa ta CMA ta bincika. Rahotonta na Yunin 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na gidajen da ke ƙarƙashin manyan kamfanoni shida suna kan tsarin gama-gari, wato farashin da ake ɗora mutum a kai idan bai zaɓi komai ba, wanda kusan kullum ya fi tsada. Hukumar ta ƙiyasta cewa gidaje na biyan rarar kusan fam biliyan 1.4 a shekara fiye da abin da za su biya a kasuwa mai gasa ta gaskiya. A binciken jin ra'ayi da ta yi, kashi 34 suka ce ba su taɓa ko tunanin canja kamfani ba. Bayan wannan rahoto ne Ofgem ta dukufa ga gwaje-gwajen halayya, da ikon tilasta wa kamfanoni su shiga.

In dai canja kamfani yana rage kuɗi, me ya hana mutane canjawa? Lalaci ne?

Kiran abin lalaci rashin adalci ne, kuma yana ɓatar da mai tsara doka. Dalilan sun bambanta daga gida zuwa gida. Akwai sabo, wanda Bahaushe ya ce turken wawa ne, ko da yake a nan ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba, har da farfesoshi. Akwai tsoron kada a yanke wuta a tsakiyar canjin, ko takarda biyu su zo. Akwai mai haya da ya ɗauka sai da iznin mai gida. Akwai dattijuwar da ba ta amfani da intanet, ga shi duk wuraren kwatanta farashi a can suke. Akwai kuma wanda aiki biyu da 'ya'ya uku ba su bar masa sararin neman tsohuwar takarda ya karanta yawan yunit ɗin da ya sha bara ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tsoron nasu yana da tushe. Chris Wilson da Catherine Waddams Price sun bi mutanen da suka canja kamfanin wuta don neman araha kawai, suka tarar aƙalla kashi 17 sun koma wanda ya fi tsada. Wanda ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, a irin wannan kasuwa, bai yi wauta ba.

Kamfanoni sun fahimci wannan tun kafin hukuma. Sai su yi wa sabon shiga farashin tallatawa, idan wa'adin ya ƙare a zame da shi zuwa tsarin gama-gari, tsohon abokin ciniki ya ci gaba da ɗaukar nauyin. Ƙungiyar Citizens Advice mai ba jama'a shawara a Birtaniya ta kira wannan tarar riƙon amana, ta kuma kai ƙara kansa a 2018 game da inshora da waya da intanet da asusun ajiya da bashin gida.

Ta yaya ake sanin cewa dabara ta yi aiki, ba sa'a ba ce?

Da gwajin ƙuri'a, irin wanda ake yi wa magani. A ɗauki gidaje dubbai, a raba su gida biyu ko uku ta hanyar ƙuri'a, a aika wa wasu sabuwar wasiƙa, a bar wasu yadda suke, bayan wasu makonni a ƙirga nawa suka canja a kowane ɓangare. Tun da ƙuri'a ce ta raba su, bambancin da aka gani daga wasiƙar yake. A ganina wannan ce babbar gudummawar ilimin halayya ga hukumomi, ta fi kowace dabara guda ɗaya daraja. A da ana tambayar mutane me za su yi, a rubuta doka a kan amsarsu, alhali abin da mutum ya ce zai yi da abin da yake yi hanya daban-daban suke bi. Tambayar rage yawan zaɓi da ke ƙasa tana nuna abin da kan faru idan aka tsallake gwaji.

Wasiƙa kawai tana iya sa mutum ya canja kamfani?

Tana iyawa, amma ya danganta da nawa ne daga cikin wahalar ta ɗauke masa. A 2017 Ofgem ta gwada wasiƙa mai nuna wa mutum tayi uku mafi araha a kasuwa, an lissafa su bisa abin da gidansa ke sha. Cikin waɗanda ba a aika wa komai ba, kashi 1 ne suka canja. Cikin waɗanda suka sami wasiƙar, kusan kashi 3. Wani abin mamaki, wasiƙar da ta zo da tambarin kamfanin mutum ta fi wadda ta zo da tambarin Ofgem tasiri. Mutane sun san sunan da ke karɓar kuɗinsu, sunan hukuma kuwa baƙo ne a wurinsu. Ninki uku abin faɗa ne a taro, amma a duba da kyau: kashi 97 suna nan inda suke.

A 2018 aka gwada wani abu mai zurfi, wato canjin haɗin gwiwa. Aka ɗauki gidaje kimanin 50,000 da suka shekara uku ko fiye a tsarin gama-gari. Wani kamfanin kwatanta farashi ya yi ciniki a madadinsu baki ɗaya, aka aika wa kowa wasiƙa da adadin kuɗin da shi kansa zai rage, da lambar wayar da zai kira mutum mai rai ya ƙarasa masa komai. Ba a nemi ya tono tsohuwar takarda ba. Kashi 22.4 suka canja, a ɓangaren da ba a taɓa ba kuwa kashi 2.6. Ragin ya kai kusan fam 300 a shekara ga matsakaicin gidan da ya canja, kuma yawancinsu ta wayar tarho suka yi, da dattawa masu yawa a ciki.

Tazarar da ke tsakanin kashi 3 da kashi 22 ita ce darasin. Wasiƙar farko ta ba da labari ne ta bar mutum da aikin. Ta biyu ta yi masa aikin, ta bar shi da cewa na yarda.

Me zai hana a rage yawan zaɓin kawai, tunda shi ke rikita mutane?

An yi hakan. Daga 2014 Ofgem ta taƙaita kowane kamfani ga tsarin farashi huɗu a kan wuta, huɗu a kan gas, ta kuma hana wasu nau'o'in rangwame. Hujjar tana da kyau a takarda. Sai dai ba a gwada dokar a kan wani ɓangare kafin a shimfiɗa ta ga kowa ba. CMA ta duba ta ce ba a ga shaidar cewa mutane sun ƙara motsi ba, ga shi dokar ta kashe wasu tsare-tsare da ke amfanar masu shan wuta kaɗan, kamar waɗanda ba su da kuɗin tsaye na kullum. A 2016 aka janye ta.

Gaskiya ne gaya wa mutum abin da maƙwabtansa ke sha yana sa ya rage?

Gaskiya ne, kuma yana cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa. Asalinsa wani ƙaramin gwaji ne na Wesley Schultz da abokan aikinsa a garin San Marcos na Kaliforniya, wanda aka wallafa a 2007, da gidaje 290. Da aka nuna wa mutane matsakaicin abin da unguwarsu ke sha, masu sha da yawa suka rage, amma masu tattali suka ƙara, kamar suna cewa ashe muna cutar kanmu. Da aka zana wa masu tattalin fuska mai murmushi a takardarsu, sai suka tsaya a kan tattalinsu. Kamfanin Opower ya mayar da wannan sana'a, yana aika wa gidaje rahoto a madadin kamfanonin wuta.

Hunt Allcott ya nazarci gidaje kusan 600,000 a Amurka, ya tarar rahoton yana rage shan wuta da kimanin kashi 2, masu sha sosai kuma suna ragewa da sama da kashi 6. Kashi 2 ƙarami ne a gida ɗaya, amma takarda ce kawai aka kashe, kuma samun irin wannan ragi ta hanyar farashi sai an ƙara kashi 11 zuwa 20. Da aka kai dabarar Jamus, ragin bai kai kashi 1 ba, domin gidajen can tun asali ba sa shan wuta kamar na Amurka. Abin da ya ci a wata ƙasa sai an sake gwada shi a wata.

Wace dabara ce ta fi kowace ƙarfi?

Zaɓin da aka riga aka saita, wato abin da zai faru idan mutum bai ce komai ba. A wani gwaji a Jamus da aka wallafa a 2015, da gidaje kusan 42,000, an saka wa wasu alama tun farko a akwatin zaɓen wuta mai tsafta, irin ta rana da iska, wadda ta ɗan fi tsada, wasu kuma aka bar su su saka da kansu. Cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniya, kusan kashi 69 na rukunin farko suka tafi da wuta mai tsafta, a rukuni na biyu kashi 7. A Sacramento ta Amurka an yi irin haka da farashin da ke tashi a lokacin cunkoso: da aka ce mai so ya shiga, kimanin kashi 20 suka shiga, da aka shigar da kowa aka ce mai ƙi ya fita, sama da kashi 90 suka zauna.

Wannan ƙarfi wuƙa ce mai kaifi biyu. Tsarin gama-gari da aka yi bayani a tambaya ta uku shi ma zaɓi ne da aka riga aka saita, sai dai kamfani ne ya saita shi don aljihunsa. Saboda haka muhimmiyar tambaya ga hukuma ita ce: wa ke da ikon saitawa, kuma ina wanda ya yi shiru yake faɗawa?

Mita mai nuna abin da ake sha nan take fa? Da mita mai kati?

Gani ya kori ji. A Birtaniya ana ba da mita ta zamani tare da ɗan allo da ke nuna kuɗin da ake ƙonawa a fam da kwabo, kuma ragin da aka auna yana wajen kashi 3. Idan bayanin ya zo daidai lokacin da ake aikin, a kan abu guda, tasirin yana ninkuwa. A Suwizalan an liƙa wa mutane ɗan ma'auni a banɗaki yana nuna ruwan zafin da ke zuba yayin wanka, makamashin wankan ya ragu da kashi 22.

Mita mai kati ta fi kowane allo sa mutum ya ji kuɗinsa na tafiya. Kelsey Jack da Grant Smith sun bi gidajen da aka mayar kan irin wannan mita a Cape Town ta Afirka ta Kudu, suka ga shan wuta ya sauka da kimanin kashi 14. Amma a nan akwai tarko. Lamba ba ta bambanta gidan da ya daina ɓarna da gidan da ya zauna cikin duhu don kati ya ƙare. A Birtaniya, inda sanyi ke kisa, wannan ya zama babban zance. A Fabrairun 2023, bayan an bankaɗo yadda ake shiga gidajen masu bashi da takardar kotu ana dasa musu mita mai kati, aka dakatar da aikin. Dokar da ta biyo baya ta hana yin haka ga gidajen da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 2, da dattawan da suka haura 75 ba su da mai taimako.

Alamar A zuwa G da ake liƙa wa firji tana cikin wannan?

Tana ciki. Tarayyar Turai ta fito da ita a shekarun 1990, ta kuma yi tasiri har kayan suka inganta aka rasa inda za a sa su, sai aka ƙirƙiro A+ da A++ da A+++. Nan aka yi tuntuɓe: a idon mai saye duk abin da ya fara da A mai kyau ne, tazarar A+ da A+++ ba ta motsa shi kamar tazarar C da A. Daga 1 ga Maris 2021 aka koma A zuwa G zalla a kan firji da injin wanki da talabijin, aka tsananta ma'auni har matakin A ya kusan zama fanko, don masu ƙera kaya su sami abin kora.

In zunguri yana aiki, me ya sa Birtaniya ta koma ƙayyade farashi?

Domin ko gwajin da ya fi kowane nasara ya bar kusan mutum huɗu cikin biyar a inda suke, kamar yadda aka gani a tambayar wasiƙa. Yawancin 'yan kwamitin CMA sun so a ƙayyade farashi ga masu mita mai kati kaɗai, wanda aka fara a Afrilun 2017, sauran kuma a ci gaba da zungurarsu. Mutum ɗaya a kwamitin, Martin Cave, ya saɓa, ya ce cutar ta yi yawa, ba za a jira mutane su farka ba. Majalisa ta bi ra'ayinsa da dokar 2018, shi kuma ya zama shugaban Ofgem a wannan shekarar. Iyakar farashin ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019, a kan fam 1,137 a shekara ga gida mai matsakaicin sha. Ostireliya ma ta kafa nata farashin kariya a Yulin 2019, jihar Victoria kuma ta tilasta wa kamfanoni su riƙa rubuta wa mutum a takardarsa ko suna da tayin da ya fi wanda yake kai araha.

Wasu na kallon wannan a matsayin faɗuwar ilimin halayya. Ni ban gan shi haka ba. Ilimin ne ya kawo hujjar cewa akwai miliyoyin mutane da ba za su taɓa zama irin mai sayen da kasuwar ta zata ba, kuma wannan hujja ce ta halatta dokar. Ya fi ƙwarewa wajen gano ciwo fiye da bayar da magani. Masu adawa da iyakar ma suna da abin faɗa: idan tazarar farashi ta ragu, dalilin canjawa yana raguwa, kamfanoni kuma sukan taru a jikin iyakar kamar ita ce farashin hukuma.

Me rikicin farashin gas na 2021 da 2022 ya canja?

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Farashin gas a kasuwar duniya ya yi tashin gwauron zabi, kamfanoni 29 suka durƙushe tsakanin tsakiyar 2021 da tsakiyar 2022, lamarin da ya shafi gidaje kusan miliyan 4. Da yawansu ƙananan kamfanoni ne masu araha, irin waɗanda aka shekara da shekaru ana kwaɗaita wa mutane komawa wurinsu. Na ɗan lokaci tsarin gama-gari ya zama mafi araha a kasuwa, shawarar masana ta koma: zauna inda kake. An ƙarfafa mutane su bi araha, ba a tsananta binciken ko mai arahar yana da jarin da zai jure girgiza ba, kuma kuɗin gyaran ɓarnar ya koma kan takardar kowa.

Rikicin ya kuma tona wani kuskuren sadarwa. Iyakar farashi tana kan kuɗin yunit ne da kuɗin tsaye, ba a kan jimillar takarda ba, amma ana sanar da ita da lamba guda ta gida mai matsakaicin sha. Da gwamnati ta kawo tallafin da ya tsayar da lambar a fam 2,500 a Oktoban 2022, mutane da yawa suka ɗauka ba wanda zai biya fiye da haka komai ya sha. Firaministar lokacin, Liz Truss, kanta ta faɗi hakan a hirar rediyo, sai da aka yi mata gyara.

Wannan ba wasa da hankalin mutane ba ne?

Tambaya ce mai kyau, kuma amsar masu goyon baya ita ce babu takarda ko fom da ba a tsara shi ta wata siga ba, wani abu dole ya zo farko, wani abu dole ya faru idan mutum ya yi shiru. Abin dubawa shi ne ko za a iya bayyana dabarar a fili ba tare da kunya ba, ko fita daga cikinta yana da sauƙi, da kuma ko don amfanin wanda aka zungura aka yi ta.

Kamfanoni sun daɗe suna amfani da ilimin ta bayan gida. Shiga da latsawa ɗaya, fita sai an kira waya an jira rabin awa. Thaler ya kira irin wannan caɓi, abin da ke riƙe ƙafar mutum. Sau da yawa aikin da ya fi amfani ga hukuma shi ne kwashe caɓin, ko hana dabarar gaba ɗaya. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya ta fara da tilasta rubuta farashin bara kusa da na bana a takardar sabunta inshora, da ta ga bai wadatar ba, daga Janairun 2022 ta haramta cajin tsohon abokin ciniki fiye da sabo a inshorar gida da mota.

A dunƙule, yaya girman tasirin yake idan an fita daga mujallun jami'a?

Ya fi ƙanƙanta sosai. Stefano DellaVigna da Elizabeth Linos sun tattara gwaje-gwaje 126 na sassan zunguri biyu a Amurka, da suka shafi mutane miliyan 23. Matsakaicin tasirinsu maki 1.4 ne cikin 100, alhali a binciken da mujallu suka wallafa maki 8.7 ne. Babban dalilin shi ne mujallu sun fi son buga abin da ya yi nasara. Nick Chater da George Loewenstein, waɗanda su kansu 'yan gida ne a fannin, sun yi gargaɗin cewa mayar da hankali kan gyara ɗaiɗaikun mutane yana iya kawar da ido daga gyaran tsarin kansa, abin da wasu kamfanoni ke maraba da shi.

Akwai abin da ya shafi Najeriya a nan, inda ba a zaɓar kamfanin wuta?

Rabin zancen bai shafe ta ba. Mutumin Kano ko Kaduna ba shi da kamfani na biyu da zai koma, saboda haka wasiƙar canji ba ta da wurin zama, kuma ba a yi wa wanda ke samun wuta awa huɗu wa'azin tattali. Matsalar farko ta samar da wutar ce da raba mita, wannan kuwa aikin jari ne da doka. Umarnin da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta bayar a Fabrairun 2020 na ƙayyade kuɗin ƙiyasi ga marasa mita ɗan'uwan iyakar farashin Birtaniya ne: kariya ga wanda ba shi da hanyar kare kansa.

Ɗaya rabin kuwa ya shafe ta kai tsaye. Tun Afrilun 2024, da aka kai farashin masu amfani da wuta na rukunin A naira 225 kan kowane yunit bisa alƙawarin awa 20 a rana, sanin rukunin da mutum yake da awannin da layinsa ya samu a zahiri ya zama maganar kuɗi. Ana iya gwada saƙon waya na wata-wata da ke faɗa wa mutum rukuninsa, da awannin da aka ba layinsa, da iyakar abin da doka ta yarda a caje shi in ba shi da mita. Ana iya gwada shi da Hausa a wasu unguwanni, da Turanci a wasu, a ƙirga. Ana iya auna matakai nawa mai ƙorafi ke bi daga ofishin kamfani zuwa zauren sauraron ƙorafi na NERC, da kuma matakin da yawanci ke gajiya su bari. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumominsu, kuma sabuwar hukuma tana da damar da tsohuwa ba ta da ita: tana iya gwada fom ɗinta da takardar kuɗinta a kan gidaje dubu biyu kafin ta buga wa miliyan biyu.